ƘODA BA TA KUKA DA WURI: Nasiha ga magidanta kan lafiyar iyali da dabbobin gida



Godiya ta tabbata ga Allah da ya ara muna jiki, kuma zai tambaye mu yadda munka riƙe shi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa magidanta na Kamarawa, da Isa, da Bafarawa, da Sabon Birni, da duk wanda saƙon ga ya isa wayarsa, karatunmu na yau kan ƙoda ne. A yi haƙuri a karanta har ƙarshe, a kuma karanta wa iyali da ba su iya karatun boko ba, don mafi yawan abin da ke kashe ƙoda cikin gida yake, kusa da murhu da randa da turke.

*Aikin da ƙoda ke yi*

Kowane mutum yana da ƙoda biyu, can baya ƙarƙashin haƙarƙari, dama da hagu, kowace girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Cikin kowace ɗaya akwai 'yan ƙananan matatai wajen miliyan guda. A kwana ɗaya suna tace ruwan jini kusan lita 180, su mayar da mai amfani cikin jiki, su fitar da dauɗa a fitsarin da bai fi lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Ku lissafa: jarka tara ta lita ashirin kenan kullum, ba hutun dare, ba na Juma'a.

Bayan tacewa, ƙoda ce ke daidaita gishiri da ruwa a jiki, tana da hannu wajen daidaita hawa da saukar jini, tana fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jini, tana kuma taimakon ƙashi ya yi ƙarfi. Shi ya sa mai ciwon ƙoda za ka gan shi ya ɗashe, jini ya yi masa ƙaranci, alhali bai zubar da jini ko'ina ba.

Abin tsoron shi ne haƙurinta. Haƙori in ya fara lalacewa ba ya barin ka barci. Ita ƙoda tana iya rasa fiye da rabin ƙarfinta mutum yana noma, yana zuwa kasuwa, bai ji komai ba. Ranar da ƙafa ta kumbura, sau da yawa aikin ya yi nisa.

Malamanmu na da ba su raina wannan gaɓa ba. Ar-Razi ya yi littafi guda kan tsakuwar ƙoda da mafitsara. A nan ƙasarmu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya yi rubuce-rubuce kan magani, ciki har da na basir da na ciwon ido da na cututtukan ƙoda. To mu da munka zo bayansu, ga ma'aunin jini ga gwajin fitsari, mi zai hana mu amfani da su?

*Abin da ya faru gabanmu*

Ba mu manta da watannin Maris da Afrilu na 2024 ba, lokacin da wata cuta ta ɓulla a ƙaramar hukumar Isa, mafi yawa ga yara 'yan shekara 4 zuwa 13: ciki ya kumbura da ruwa, ga zazzaɓi, ga amai, ga rama. Hukumar NCDC ta sanar da mutum 164 da ake zargin sun kamu, huɗu sun rasu, a mazaɓun Isa ta Kudu, Isa ta Arewa, Bargaja, Tozai, Tsabre da Turba. Hukumar ta ce gwajin farko ya nuna dalma da wani ƙarfe mai suna kuromiyam a jinin waɗanda anka fara aunawa, ta kuma sa ido kan haƙar ma'adinai, da magungunan feshi na gona, da ruwan da ake sha. Allah ya jiƙan waɗanda sunka rasu, ya ba iyayensu haƙuri.

Kafin nan, a 2010, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda ana daka duwatsun zinari cikin gidaje, a turmin da ake daka hatsi. Dalma guba ce ga ƙwaƙwalwa, guba ce kuma ga ƙoda. A Yobe kuwa, mutanen Gashuwa da Jakusko da kewayensu sun shekara da shekaru suna binne 'yan uwansu saboda ciwon ƙoda, har da samari majiya ƙarfi.

Darasin a fili yake: duk abin da ya shiga baki, ko ya shiga ta allura, ko ya ratsa fata, ƙoda ce za ta tace shi. In guba ce, ita za ta fara sha.

*Manyan maƙiyan ƙoda a gidajenmu*

*1. Hawan jini da ciwon sukari.* Su biyun nan ne kan gaba wajen kashe ƙoda a duniya baki ɗaya. Hawan jini yana farfasa 'yan matatan nan a hankali, sukari yana toshe su. Kuskuren da ya yi yawa a cikinmu shi ne mutum ya sha maganin hawan jini sati biyu, ciwon kai ya tafi, ya ce ya warke. Hawan jini ba a gane shi da ciwon kai, da ma'auni ake gane shi. In ana auna ka ana samun 140 bisa 90 ko sama, kana buƙatar likita, kuma maganin na kullum ne.

*2. Ƙwayoyin ciwon jiki.* Manomi ya dawo daga gona, ɗan kabu-kabu ya wuni kan babur, sai a aika yaro kemis ko wurin mai tallan magani a tire a ce a haɗo na gajiya. A ƙulla masa ƙwaya huɗu ko biyar a leda, a ciki akwai diclofenac, akwai ibuprofen, akwai piroxicam, dukkansu dangi ɗaya. Waɗannan suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Wanda ya wuni cikin rana yana zufa bai sha ruwa ba, sannan ya haɗiye su da dare, ya haɗa wa ƙodarsa ƙishirwa biyu. Wanga abu in ya zama na kullum, ƙarshensa gadon asibiti.

*3. Rana da ƙarancin ruwa.* Zafin bazara a ƙasar Gobir ba sai an faɗa wa kowa ba. A ƙasashen tsakiyar nahiyar Amurka an ga masu saran rake, samari marasa hawan jini marasa sukari, ƙodarsu na mutuwa, kuma masu bincike sun danganta abin da aiki mai nauyi cikin zafi da rashin isasshen ruwa. Ma'aunin talaka shi ne launin fitsarinsa. In ya yi fari-fari kamar ruwan kara, ruwa ya isa. In ya yi ja kamar shayi, jiki na roƙon ruwa. Ƙarancin ruwa kuma shi ke tara tsakuwar ƙoda, mai sa ciwon kwiɓi da ke sauka har mara.

*4. Tsargiya.* Fitsarin jini ga yaro ba alamar balaga ba ce, kamar yadda wasu tsofaffi ke cewa. Tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗi a tafki da gulbi, ta ratsa fatar mai wanka ko mai su, ta zauna a jijiyoyin mafitsara. In ta daɗe tana ƙuntata hanyar fitsari, fitsari ya riƙa komawa baya yana kumbura ƙoda. Maganinta praziquantel, ana auna shi da tsawo ko nauyin yaro. Ku lura da hikimar shari'a: ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudana. Ƙwan tsutsar nan ta fitsarin mai cutar yake komawa ruwa. Da mun kiyaye wannan hani, da mun yanke mata hanya.

*5. Gishiri, dunƙule da kanwa.* Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a wuni, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, duk da wanda ke cikin miya. Uwargida, in an sa dunƙule huɗu a tukunya, an ƙara gishiri, an jefa kanwa, ga yaji mai gishiri a gefe, an wuce iyaka tun kafin azahar. A koma ga daddawa da albasa da citta da tafarnuwa, a rage na leda.

*6. Man bilicin da kwallin da ba a san asalinsa ba.* Wasu mayukan sauya launin fata suna ɗauke da sinadarin makuri, wanda ke sa ƙoda ta riƙa yoyon abincin jiki cikin fitsari. Wani kwallin kuma dutsen dalma ne aka niƙa. A daina ɗura shi a idon jarirai.

*7. Gudawa, amai, zazzaɓi mai tsanani da zubar jini wurin haihuwa.* Waɗannan suna tsayar da ƙoda farat ɗaya. Alherin da ke ciki shi ne irin wannan tsayawar tana iya warkewa sarai in an kai mutum da wuri. Mai gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun daga gida. Mai ciki da fuskarta da hannuwanta sunka kumbura, ga ciwon kai, a kai ta awo ranar nan, kada a jira jijjiga.

*Magana tsakaninmu masu maganin gargajiya*

Wannan sana'ata ce, kuma gaskiya ba ta ɓata sana'a. Cewa abu ganye ne ko saiwa ce bai sa ya zama mara illa ba. A farkon shekarun 1990, a birnin Brussels na Beljiyam, mata sama da ɗari ƙodarsu ta lalace saboda wani haɗin rage ƙiba da aka sa wa saiwar wani tsiro daga Sin. Dangin wannan tsiro suna nan dajinmu, shi ne dumar dutse, wadda wasu ke kira maɗacin ƙasa. Kada a jiƙa ta a riƙa sha, kada a ba yaro.

Haka jarkokin da ake yawo da su a mota da lasifika ranar kasuwa, ana cewa wai wankin ƙoda ne, yana maganin sanyi da basir da taifot da rashin ƙarfi a kwalba ɗaya. Ba suna, ba adireshi, ba awo. Wasu marasa tsoron Allah har dakakkun ƙwayoyin bature suke zubawa don mai sha ya ji sauƙi nan take. Ƙoda lafiyayya ba ta buƙatar a wanke ta, ita ce mai wankin. Mara lafiya kuwa ƙarin kaya kawai aka ɗora mata. Abu Dawud ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin haka ba, alhakin ɓarnar da ta auku yana wuyansa. Mu ji tsoron wannan.

Na bature ma sai da lura. A 2008 wani maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya, saboda an haɗa shi da gurɓataccen sinadarin da ke tsayar da ƙoda. A 2022 irin haka ta faru a Gambiya da maganin tari, yara wajen 70. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a saya inda aka san mai shagon.

Zuma da habbatus sauda da man zaitun suna da falalarsu, ba mai musu. Lafiyayye ya ci daidai misali. Lemun tsami a ruwan sha yana taimakawa wajen hana tsakuwa taruwa. Zoɓo mara sukari da yawa yana ɗan sassauta hawan jini, amma bai maye gurbin ƙwayar likita. Wanda likita ya riga ya ce ƙodarsa ta yi rauni, hukuncinsa daban: kada ya sha kowane jiƙo sai ya tambaya. Ko dabino da ayaba da dankali da tumatir, masu amfani ga kowa, ana taƙaita masa su in ciwon ya yi nisa, don suna da sinadarin da ƙodarsa ba ta iya fitarwa, in ya taru yana iya tsayar da zuciya. Ruwan ma da muke cewa a sha da yawa, mai kumburi awo ake yi masa.

Annabi (SAW) da kansa ya tura Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas wurin likita Harisu ɗan Kalada, kamar yadda ya zo a Abu Dawud. Zuwa asibiti bai saɓa wa tawakkali ba.

*Alamomin da ba a kwana da su*

Kumburin fuska da safe, ko na ƙafa da yamma. Fitsari mai kumfa da ba ta kwanciya. Fitsari mai jini ko mai launin baƙin shayi. Raguwar fitsari, ko yawan tashi da dare. Kasala, ɗashewa, ƙaiƙayin jiki, tashin zuciya, rashin son nama, shaƙuwa mai naci. Yaron da ya yi ƙazuwa ko ciwon maƙogwaro, bayan sati biyu ko uku fuskarsa ta kumbura. Dattijon da fitsari ke fita da ƙyar, ko yana ɗiga. Wannan na ƙarshe kunya ce ke kashe su, alhali robar da za a sa a buɗe hanya aikin mintuna ne.

Na san halin da hanyoyinmu ke ciki, na san fita daga ƙauye yau sai da addu'a. Shi ya sa gwajin wuri ya fi muna muhimmanci fiye da mutanen birni. Ranar da Allah ya kai ka Isa ko Sabon Birni lafiya, ka shiga babban asibiti a auna maka jini da sukari, a duba fitsari. In da hali a yi gwajin jinin ƙoda da ake kira kiriyatinin. Wanda ya haura 40, da mai hawan jini, da mai sukari, da mai sikila, da wanda a gidansu an taɓa yin ciwon ƙoda, ya yi haka ko sau ɗaya a shekara.

Ku kwatanta da ɗaya gefen. Wanda ƙodarsa ta mutu, wankin ƙoda da inji ake so ya yi sau uku a mako, kowane zama wajen awa huɗu, kuma sai an tafi Sakkwato, ga kuɗin mota, ga masauki, ga na mai jinya. Gonaki nawa anka sayar, shanu nawa anka kaɗa kasuwa kan haka? Dashen ƙoda ana yin sa a ƙasar nan: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara tun 2002, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya yi na farko a 2025. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta mutum ya ba da gaɓa kyauta da sharuɗɗa, ta hana sayarwa. Wanda ya ba ɗan uwansa ƙoda ɗaya bayan likitoci sun tantance shi, yana rayuwa da ɗayar. Amma duk wanda ya zo wa ɗanka da maganar kuɗi kan ƙodarsa, ɓarawo ne, a kai ƙararsa.

Game da azumi: Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa kafin Ramadan. In an ce kada ya yi, karɓar sauƙin Allah shi ma ibada ne. Lafiyayye kuwa ya rarraba shan ruwa daga buɗa-baki zuwa sahur.

*Dabbobin gida su ma suna da ƙoda*

Hadisi ya tabbata kan matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci, da mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Duk abin da ka ɗaure ko ka ajiye, ruwansa na wuyanka.

*Ragon kiwo.* Wanga shi ya fi shafar aljihunmu. Ana ɗaure rago don layya, a yi ta ɗura masa dusa da tsaki, harawa kaɗan, ruwa sau ɗaya a wuni. Dusa tana da sinadarin da in ya yi yawa yake zama yashi a mafitsara, hanyar fitsarin rago kuwa siririya ce mai lanƙwasa. Sai ka ga rago ya daina ci, yana miƙa, yana nishi, yana harbin cikinsa, yana kaɗa wutsiya, fitsari na ɗiga ko babu. Mutane su ce kumburin ciki ne, a ɗura masa kanwa da mai. In aka yi kwana biyu mafitsara na iya fashewa. A kira malamin dabbobi tun ranar farko. Riga-kafinsa: harawar wake ko ta gyaɗa ta fi dusa yawa, ruwa mai tsabta ya wuni gabansa a inuwa, a ajiye masa gishirin lasa don ya riƙa jin ƙishirwa yana sha. Bunsuru da tunkiyar gida ma a kula, amma maza abin ya fi kamawa, musamman dandaƙaƙƙu.

*Kyanwa.* Ciwon ƙoda yana cikin abin da ya fi kama tsohuwar kyanwa. Alamarsa yawan shan ruwa, yawan fitsari, rama, amai, da warin baki. A ajiye mata ruwa inda ba a tsangwamarta. Kada a taɓa ba ta maganin mutane: farasitamol ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa, ibuprofen kuma yana lalata ƙodar kyanwa da ta kare.

*Karen gadi da na farauta.* Kada a ba shi inabi ko zabibi, suna tsayar masa da ƙoda. Akwai kuma cutar da ke fitowa daga fitsarin ɓera, ta shiga ruwan kwance, ta kama kare, ta kama mutum, ta taɓa ƙoda da hanta har ido ya yi ɗorawa. A rufe randa da rijiya da rumbu, a wanke hannu bayan sharar turke, musamman da damina.

*Kaji.* In kin yanka kaza kin ga wani farin abu kamar alli ya lulluɓe zuciya da hanta, ƙodarta ce ta gaza. Rashin ruwa ke jawo shi, ko ba 'yan tsaki abincin kaji masu ƙwai.

Sai allurar da makiyaya ke saya su yi da kansu ba awo. A Indiya diclofenac ɗin da ake yi wa shanu ya kusa ƙarar da ungulu, don in sun ci mushen ƙodarsu ke mutuwa, har gwamnati ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Abin da ragowarsa cikin mushe ya kashe ungulu, ka yi tunanin abin da yake yi wa ƙodar mai haɗiyarsa kullum. Galan ɗin maganin feshi kuma, in ya ƙare a huda shi a binne. Kada a zuba ruwan sha ciki, na mutum ko na dabba.

*Abin da za a fara yau*

Mai gida ya tafi gona da jarkar ruwa, ya huta a inuwa in rana ta take. A daina riƙe fitsari, shari'a ma ta hana mutum tsayawa salla yana matse da shi. Uwargida ta rage dunƙule ɗaya daga tukunyar yau. A zubar da ƙullin ƙwayoyin da ba a san sunansu ba. A tambayi yara maza, cikin hikima, ko suna ganin jini a fitsari. A leƙa turke a ga ko akwai ruwa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya kawo muna zaman lafiya a ƙasar Gobir da Zamfara da Najeriya baki ɗaya, ya buɗe muna hanyoyinmu. Wanda ya karanta ya tura wa ɗan uwansa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.